Ƙulli Uku a Bakin Mayafin Zalika

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta. Bayan haka, duk wanda ya zauna gaban Shehinmu na Guci, al'allama, mai zuhudu da tsantseni, Allah Ya haskaka makwancinsa, ya san cewa iliminsa na fiƙihu da tafsiri ya wuce a faɗa, amma ni abin da na fi kewa shi ne yadda yake sauraron mutum har mutum ya gaji don kansa. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, har yau in na bi ta ƙofar zaurensa sai na rage gudun moto.

Ni Sadisu, shekaru da dama kafin rasuwarsa ni ne majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wata 'yar likitar ƙauye tsakanin Guci da Dungas, ranar Alhamis kuma nakan je ɗaukar karatu wajensa. Ina da zafin rai, ban ɓoye ba, kuma in raina ya ɓaci Faransanci nake zubawa, ko ana ji ko ba a ji.

Wata Talata cikin damina, bayan azahar, wani dattijo mai suna Malam Ɗayyabu ya kawo jikansa Umaru, ɗan shekara biyu. Zazzaɓin cizon sauro ya shanye masa jini, tafin hannunsa ya yi fari fat. Uban yaron yana Legas neman abinci, uwar kuwa, Zalika, ta tsaya bakin ƙofa ta juya fuska ga bango. Na tambaye ta yaushe ciwon ya fara, ta yi shiru. Na sake tambaya, shiru. Dattijon ya ce, "Majo, ɗan farinta ne, kuma ga ni a tsaye. Ba za ta tanka ba." Shi kuma bai san komai game da ciwon ba, tun asuba yana gona.

Sai na hau su da faɗa. Na ce wace irin uwa ce wannan, na ce sai an kai yaron Magarya an ƙara masa jini, na jero sunayen ciwo da ba su taɓa ji ba. Dattijon ya miƙe ya ce in ba shi jikansa, in mutuwa ce gara ta same shi a ɗakin ubansa. Wallahi na san in suka fita da shi ba zai kwana biyu ba, amma bakina ya riga ya ɓata komai.

Muna cikin haka sai ga sallamar Shehi, wanda bai taɓa taka likitar nan ba, kuma ba wanda ya aika masa. Ya dube ni ya ce, "Sadisu, nemo tabarma ka zauna ƙasa." Ya kama hannun dattijon kamar tsohon aboki ya ce su fita gindin bedi. Da ya kai ƙofa ya waiwayo ya ce, "Ka tambaye ta ƙulli ukun da ke bakin mayafinta. Ka gaya mata gaskiya, kada ka rage, kada ka ƙara, sannan ka yi shiru."

Na zauna ƙasa, kunya ta rufe ni. Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini. Ƙullin nan na mene ne?" Ta buɗe bakin mayafin ta ce, "Duk sanda ya sanƙare sai in ƙulla, don kada in manta. Sau uku tun safe. Fitsarinsa kuma ya koma kamar zoɓo." Ashe matar da na zarga da rashin kula kwananta uku ba ta runtsa ba. Na ba yaron maganin da ya dace da abin da ta faɗa, na gaya mata da Hausa cewa jininsa ya kusa ƙarewa, a Magarya akwai jini, akwai fata mai ƙarfi, amma ban yi mata alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Na yi shiru. Ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta ce, "A kai shi. In nawa zai yi, a ɗiba."

Ban san me Shehi ya gaya wa dattijon ba, na dai ga dattijon ne ya fara shiga ambilas. Bayan kwana shida Zalika ta dawo da Umaru goye a bayanta, yana cin ƙosai. Bara ya zo gaishe ni, ya fi ni tsawo.

Ranar Alhamis ɗin da ta biyo bayan wannan Talata na je Guci godiya, manyan ɗalibai suka ba ni labarin da har yau tsigar jikina ke tashi in na tuna. Suka ce ranar Talatar, da hantsi, ana tsakiyar karatu, Shehi ya rufe littafi ya ce, "Sadisu yana ɗaga murya a kan wata baiwar Allah," ya ɗauki sandarsa ya kama hanya a ƙasa. A wannan hantsin kuwa ko gida ba a fito da yaron ba.

Tsarki ya tabbata ga Wanda Yake sanar da bayinSa na ƙwarai abin da Ya so. Ya Allah Ka ƙara wa Shehinmu yarda, Ka ɗaukaka darajarsa, Ka ba mu albarkacinsa, Ka yafe mini iyayen da na tsawata wa kafin wannan rana, waɗanda suka ɗauki 'ya'yansu suka tafi ban ji abin da suka zo faɗa ba. Amin.