Hannun Jarin Marayun Lawandi

An ce wai a wani zamani kasuwar hannun jari ta faɗi, ta ƙi tashi har shekara uku. Abin da aka saya naira ɗari ya koma talatin, har masu jari suka riƙa kashe rediyo in an zo labarin kasuwa.

Ana cikin haka wani ɗan kasuwa mai suna Lawandi ya rasu. Ya bar matarsa Dije da 'ya'ya huɗu, da gona ɗaya, da hannun jari a wani kamfanin siminti. Amanar dukiyar ta faɗa hannun wansa Tanimu da ƙanensa Sallau.

Tanimu tsoro ya kama shi har ya daina cin abinci sosai. Kullum cewa yake, "A sayar tun da saura, gobe takarda kawai za ta rage." Sallau kuwa cewa yake, "Yaya, yanzu ne lokacin saye. A sayar da gonar a ƙara jari, kasuwa na gab da tashi." Dije ta ga ɗaya zai karyar da jarin, ɗaya zai cinye gonar, hankalinta ya tashi, ta kai su gaban Alƙali Zubairu.

Alƙali ya saurare su har suka gama. Ya tambayi kowannensu ko ya tabbata da maganarsa, kowa ya ce ya tabbata.

Ya ce, "To, abin ya zo da sauƙi, ga mai saye ga mai sayarwa. Sallau, ka sayar da gidanka ka sayi jarin marayu a farashin yau, ribar da kake hange ta zama taka."

Sallau ya yi saurin girgiza kai. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in ta ƙara faɗuwa, ina zan kai iyalina?"

Alƙali ya juya ga Tanimu. "Na ji kai ma kana da jari a kamfanin nan. Ka fara sayar da naka yau, sannan mu sayar da na yara."

Tanimu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in na sayar, washegari ta tashi fa?"

Alƙali ya ce, "Ashe dukanku ba ku san gobe ba, ni ma ban sani ba. Gona ba mai taɓa ta, da ita yara za su ci. A sayar da jari gwargwadon kuɗin makarantarsu na shekara biyu, a damƙa wa uwarsu. Saura a bar shi, kada wanda ya motsa shi sai da sanin Dije."

Kasuwa ta ƙara faɗuwa wata takwas, har Sallau ya daina bi ta ƙofar gidan Dije don kunya. Daga baya ta soma farfaɗowa a hankali, Tanimu ya daina maganar a sayar. Duk tsawon lokacin nan ba a kori yaro ko ɗaya daga makaranta ba, tukunyar gidan kuma ba ta kwana a kife ba.

Wanda ya ce ya san gobe, a ce ya fara gwadawa da aljihunsa kafin a miƙa masa dukiyar maraya.