Bangon da Aka Rushe a Gindin Matakala

An yi wani mutum a nan tsohon garin Dhaka, ba zan kama sunansa ba, yana nan da ransa. Wata rana da hantsi yana zaune a wurin mai shayi da wani ɗan kasuwa, Mofizul, dillalin turaren fesawa na gwangwani, suna cinikin hayar ƙasan gidansa mai hawa huɗu.

"Wuri ya yi mini," in ji Mofizul, "sai dai bangon nan na tsakiya. Lebura da kwali a ka ta ina zai juya? Ka rushe shi, ka haɗa mini da gindin matakala, in ninka maka haya."

"Ɗan'uwa, bangon nan fa injiniya ne ya sa shi."

"Injiniyan ne ke ciyar da kai? Haba Alhaji, gidanka ne ko na takarda? Ban san ka da tsoro ba."

Mai gida ya yi dariya, ya tsoma gurasar bakarkhani a shayi, ya miƙa hannu. Aka tafa.

Ya 'yan uwa, ni ban yi nisa a makaranta ba, amma na gina, na kuma ga an gina. Dokar gini ba fuskar gida take dubawa ba, abin da ake yi a ciki take tambaya. Wurin kwana daban, kanti daban, sito daban, siton kayan da ke kama wuta kuwa shi ne can ƙarshe. Idan har za a haɗa biyu a gini ɗaya, sai an raba su da bango mai kauri wanda zai tsare wuta har mutane su fice, kuma hanyar masu sauka daga sama ba za ta ratsa ta cikin kaya ba. Mutumin nan ya san haka sarai. Injiniya ya zaunar da shi ya karanta masa.

Cikin kwana uku bango ya zama ɓaraguzai. Da ma'aikacin duba gine-gine ya zo, aka hau da shi bene, aka zuba masa shinkafar biryani, aka saka masa wani abu a aljihu. Ya rubuta cewa ƙasa wurin ajiye mota ne. Mota, a lungun da keken ɗaukar fasinja ma sai ya karkace yake shiga.

Kwalaye suka hau har rufi, suka cinye rabin matakala. A hawa na uku mahaifiyar mai gida take, gwiwa ta hana ta sauka, cefanenta ma da kwando da igiya ake jawowa ta wata 'yar kafa a jikin taga. Ta ce masa, "Kai, ƙamshin nan yana hawa mini kai. Me ka tara a ƙarƙashina?"

Ya ce, "Inna, wasu kuɗi suke biya su shaƙa, ke kina sha kyauta."

Kun san al'adarmu. Ranar Juma'a maza duk sun tafi masallaci, sai a ja ƙofar ƙarfe ta gindin matakala a datse da kwaɗo, saboda ɓarayi. Mai gida ya datse, ya jefa makulli a aljihu, ya samu sahun farko.

Liman bai sauko daga mumbari ba aka ji ƙara kamar ana harbi. Wayar lantarki ce ta yi tartsatsi a sito, gwangwanaye suka shiga fashewa. Ina bangon da zai tsare wutar? Matakala ta zama bututun hayaƙi, ta kwashi wuta ta kai sama. Mai gida ya iso a guje ba takalmi, makulli a hannu, ƙofa ta yi jajawur, ba mai iya kusantarta. Tagogi kuwa duk da sandunan ƙarfe.

Mutum tara. Mahaifiyarsa, da matarsa Shahanara, da 'yan haya bakwai waɗanda ba su taɓa sanin an yi wani ciniki a kansu ba.

Kwana uku lungun yana ƙamshin furanni. Mata na toshe hanci suna kuka.

Mai gida ya yi zaman kurkuku, ya fito. Amma tun daga ranar bai ƙara iya tsayawa a sahu ba. Da na kusa da shi ya shafa turare, sai ya sulale waje yana amai. Biki ba ya zuwa, jana'iza ba ya zuwa, don ko likkafani akwai turare. Yanzu a bakin kogi yake wuni, wajen da ruwa ya fi wari. Ya ce mini nan kaɗai yake jin shiru.

Ya 'yan uwa, zunubin nan ba na jahilci ba ne. Wanda ya kwantar da mutane a samansa ya karɓi amanar numfashinsu. Kowa ya koma gida yau ya duba: me ke ƙarƙashin gadon 'ya'yansa? In wuta ta tashi, ta ina za su bi?

Mofizul ya kama wani sito a wani lungu, yana ciniki. Ma'aikacin dubawa an canza masa unguwa, ya yi ƙiba. Mutum tara sun rasa rai, mai gida ya rasa uwa da mata da sahun salla.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar waɗanda ke barci bisa amincinmu, ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amin.