Soron da Ba Shi da Indararo

A wani ƙauye kusa da Bagwai, zamanin Turawa, an yi wani mutum mai suna Zailani. Yana da ƙwazo, amma tun da ya dawo daga yaƙin duniya na biyu ya raina duk abin da ake yi a gida. Aikin soja ya kai shi Tarabulus, a bakin Bahar Rum, inda ya ga fararen gidaje masu katanga a kan rufi, mutane suna hawa su sha iskar teku.

Da kaka ta wuce, ya kira Mani, tsohon maginin ƙauyen, ya zana masa gidan a ƙasa da kara.

"Baba Mani, soro nake so, a kewaye samansa da katanga har ƙugu. Kuma ban da indararo. Can ban ga ana ɓata fuskar gida da shi ba."

Mani ya daɗe yana kallon zanen. "Zailani, da me suke rufi a can?"

"Dutse da siminti."

"To namu ƙasa ce a kan azara. In ruwan damina bai sami hanyar sauka ba, zama zai yi a sama."

Zailani ya yi dariya. "Baba, kai da ko Kano ba ka cika zuwa ba."

Mani ya kwashe kayan aikinsa ya tafi. Zailani ya nemo wasu magina daga Zakirai, suka yi masa yadda ya ce.

Soro ya yi kyau, an shafe shi da farar ƙasa. Har daga Rimin Gado aka riƙa zuwa kallo. Zailani ya sa mahaifiyarsa Kulu a ciki, ya jera buhunan gero a gefe.

Da damina ta yi tsakiya, aka kwana uku ana ruwa. Kulu ta ce, "Zailani, rufin nan yana ɗiga, kuma ina jin azara tana ƙara."

"Sabon gini ne, Inna, zama yake yi."

Ya saɓa fartanya ya tafi gona. Da hantsi aka aiko masa. Ruwan da ya taru a sama kamar kududdufi ya jiƙa ƙasar, azara ta karye, rufi ya rufto. Maƙwabta suka tono Kulu da rai, amma ƙugunta ya karye. Geron ya dame da laka. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma Kulu ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba. Shekara huɗu Zailani yana ɗaukarta a baya, ya fitar da ita inuwa, ya mayar da ita, har ta rasu.

Darasin a nan shi ne, kowane gini an yi shi ne don ruwa da ranar ƙasarsa. Ba laifi mutum ya ɗauko abin da ya gani a wani wuri, amma ya fara tambayar waɗanda suka san nasa wurin, kuma in sun yi magana ya saurara. Sau da yawa ba mai girman kan ne abin yake faɗowa a kansa ba.