Layin Keke a Gidan Ciyaman

A wani gari, Ciyaman Makau ya sa aka ja farin layi a gefen kwalta, ya ce duk mai keken da ya fita daga cikinsa a ƙwace keken. Can kuma ya faɗaɗa gidansa, katanga ta haɗiye layin. A wurin aka ƙwace keke talatin, aka kulle a sito.

Wata safiya sai ga Tunau mai wankin hula a bakin zauren Ciyaman yana kaɗa ƙararrawar kekensa.

"Salamu alaikum! A ce wa matan gida su yi lulluɓi, mai keke zai wuce!"

Ciyaman ya fito a fusace. "Kai, ka haukace ne?"

"Ranka ya daɗe, dokarka nake bi. Nan layin ya shige."

"Ka zagaya mana!"

"In hau kwalta yaranka su ƙwace?"

"To, babu wani layi a gidana!"

"Madalla! Waɗanda aka kama a nan, wane layi suka bari?"

Tunau ya sake kaɗa ƙararrawa, ya ci gaba:

"In akwai layi, ranka ya daɗe, a buɗe mana ƙofa, masu keken itace suna baya. In babu, a buɗe sito."

Kafin azahar aka buɗe sito.