Gizo da Fatar Wasa Aska

"Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

"To, ku bar mutsu-mutsu ku saurara."

Wata shekara matar Zaki ta haifi ɗa namiji. Aka yi shela a dawa cewa wanzamin da ya yi wa jariri askin suna, cinyar rago tasa ce. Gizo na jin an ambaci cinya sai zama ya gagare shi. Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo. Yana da wata tsohuwar aska ta gado, amma ko kabewa ba ta yankawa. Sai ya sheƙa gidan Kunkuru, wanzamin dawa.

Ya tarar ya ɗaure doguwar fata a turke, yana jan aska a kanta, shuu, shuu.

"Baba Kunkuru, me ka shafa wa fatar nan?"

"Garin jan dutse ne da man kaɗe. Amma garin sai an..."

"Na gane!" in ji Gizo, ya ruga.

Ya ɗebi yashi a bakin rafi, ya kwaɓa da mai, rabin man ma a hanya ya lashe. Ya samo fata ya shafa mata, ya gurza aska, ya kamo Bunsuru ya gwada a gemunsa. Askar ta tsige gashi tsigewa. Bunsuru ya tunkuye shi har cikin ƙaya.

Ya koma yana ɗingishi. "Baba, askata ta ƙi!"

"Ai ba ka tsaya ba. Garin sai an tankaɗe shi ya yi laushi kamar kwalli. Sannan in za ka ja askar..."

"Na gane!"

Ya daka dutse, ya tankaɗe, ya shafa. Amma sai ya tura askar da bakinta a gaba, ta yi wa fatar kaca-kaca. Ya gwada a ƙeyar Biri, ya tsarge masa kunne. Biri ya bi shi da jifa har ƙofar gida.

Ran suna da sassafe ya sake komawa, yana tsalle da ƙafa ɗaya don sauri.

Kunkuru ya ce, "Da bayanta ake ja, bakin na biye. Amma kafin ma aska ta hau fata..."

"Na gane, na gane!"

Ya aro sabuwar fata, ya ja askar da bayanta, ya ja, ya ja, har askar ta yi ƙyalli yana ganin fuskarsa a ciki. Bai lura da giɓin da ke bakinta ba. Bai ma gwada ba, ya riga Kunkuru isa gidan Zaki.

"Ranka ya daɗe, ga wanzami ya iso. A miƙo jariri!"

Matar Zaki ta dube shi, ta ƙanƙame ɗanta. Zaki ya ce, "Fara gyara mini saje tukuna."

Gizo ya matso. Ya ɗora aska, ya ja. Giɓin ya kama fatar Zaki, jini ya tsarto.

"Da wannan za ka taɓa kan ɗana?" Zaki ya daka tsawa, ya kai masa cafka. Gizo ya yar da aska, ya haye bango, ya maƙale a rufin zaure.

Can sai ga Kunkuru da zabirarsa. Ya ɗauki askar, ya shafa bakinta da yatsa, ya ɗaga kai.

"Gizo, abin da ka hana ni faɗi ke nan. A kan dutsen wasa ake farawa, shi ke cinye giɓi. Fata gamawa kawai take yi."

Ya zaro tasa, ya ja ta sau uku a fata, ya aske jariri tas, ko motsi yaron bai yi ba. Aka naɗe masa cinya ya tafi. Gizo kuwa bai sauko ba, don Zaki na ƙasa yana jiransa. Shi ya sa har yau a lungun rufi kuke ganinsa.

To, jikokina, in mai sana'a na koya muku abu, ku bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin ku ce kun gane. Rabin sani kan jawo wa mutum abin da rashin sani ma bai jawo ba.

Nan tawa ta tsaya. Ƙungurus kan kusu!