Tunau Maharbi da Takun Kakarsa

A zamanin da giwa ta fi mutum yawa a dajin da ke gabas da Dutsen Tsage, an yi wani maharbi mai suna Tunau. Dogo ne, siriri, ba mai yawan magana ba. Maharba suna yi masa kirari da Tunau sha-raɓa, mai kibiya ɗaya, na Hakama mai kwana a sawun ɓauna. An ce in ɓauna ta taso masa ya ga ba mafita, sai ya zama kututture, ta zo ta yi ta shinshina ta wuce. Tsofaffi biyu na zuriyarsa ne suka riƙe labarinsa har ya iso zamaninmu, Baba Nomau da ƙanwarsa Gwaggo Tarana, kuma dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Inda suka saɓa, za a faɗa.

Hakama da ke cikin kirarin kakarsa ce, wadda ta haifi ubansa. A lokacin ta haura tamanin, idanunta sun rufe, shekara uku ba ta taka ƙasa ba sai daga shimfiɗa zuwa bakin ƙofa. Ba a garin da ta tsufa aka haife ta ba. Tana 'yar shekara bakwai mahara suka tashi ƙauyensu, aka gudu da ita. Kafin a gudu, manya suka rufe rijiyar ƙauyen da faffaɗan dutse, suka bi da ƙasa suka daddaɓe, don kada maharan su sami wurin zama.

Aka yi damina biyu a jere ruwa bai sauka ba, rijiyoyin garinsu Tunau suka ƙafe. Wata rana ya dawo daga farauta ya ba kakarsa labarin wata kuka mai kogo da ya gani a tsakiyar kufai, tafiyar kwana shida yamma. Ta sa ya kwatanta mata sau uku. Sai ta ce, "Garin ubana ne. Akwai rijiya a can, ban taɓa jin an ce ta ƙafe ba."

Gida goma sha ɗaya suka bi shi a kan wannan magana. Baba Nomau ya ce mutum arba'in da bakwai ne. Gwaggo Tarana ta ce hamsin da biyu, don shi ba ya ƙirga na goye. Suka sauke mata da yara a bakin wani tafki, tafiyar yini guda kafin kukar, ruwansa iyakar idon sawu, kullum yana ja baya. Tunau ya goya kakarsa, maza tara suka bi shi da dagi da fatanya da salkunan ruwa. Kowa ya san komawa gida ba ta yiwuwa. In ba a sami rijiyar ba kafin tafkin ya zama laka, to a dajin nan za a ƙare.

Da suka isa, Hakama ta shafa jikin kukar. An ce ƙudan zuman da ke cikin kogon suka yi tsit.

Ta ce, "Ita ce. Tsoronta nake ji ina yarinya, an ce da iskoki a ciki. Kullum in an aike ni ɗiban ruwa sai in yi ta ƙirga takuna daga bakin kogon nan, don in san na yi mata nisa. Zangu uku da goma ne, ka miƙe ka fuskanci tsagin dutsen can."

Zangu ɗari ne a ƙirgen mutanen da. Tunau ya tsaya a bakin kogon, ya taka ɗari uku da goma, ya kafa dagi. Suka yi kwana uku suna haƙa, ba dutse, ba ko damshi, sai jar ƙasa mai tauri. Suka matsa arewa kaɗan suka sake wani ramin, kwana biyu. A safiya ta shida salka ɗaya ta rage musu.

Jatau maƙeri, wanda shi ne babba a cikin mazan, ya jefar da fatanyarsa ya ce, "Tunau, ka kwaso mu da 'ya'yanmu a kan mafarkin tsohuwa."

Hakama tana kwance a inuwar kukar, ta ji. Ta kira Tunau da sunan wasan da kaka ke kiran jikanta.

"Angona, zo nan. Wa ya taka muku?"

"Ni na taka, amarya."

"Kai? Da waɗannan ƙafafun naka na raƙumin dawa? Allah ya sawwaƙe. Ni da na ƙirga, da kaɗan na fi turmi tsawo."

Tunau ya sunkuyar da kai. Duk rayuwarsa da ƙafarsa yake auna daji, bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai wani taku ban da nasa ba. Ya ce zai ruga tafki ya ɗauko yarinya. Zuwa da dawowa kwana biyu ne, salkar ba za ta kai su ba. Jatau ya ce a raba nisan biyu a haƙa. Amma in aka kuskure ko da gaba guda ce, wato tsawon buɗin hannu biyu, an sake asarar kwana uku.

Hakama ta ce, "Ba sai an ɗauko kowa ba. Tashe ni. Ƙafar da ta yi ƙirgen tana nan, ta je yawonta ta dawo yadda take."

"Kaka, rana za ta kashe ki."

An ce tun yana yaro bai ƙara kiranta Kaka ba sai ranar.

"To, in na kwanta za ta bar ni? Miƙo mini goran nan. Ba a zuwa rijiya da kai wofi."

Aka naɗa mata gammo, aka ɗora goran. Ta hana a riƙe mata hannu, ta ce duk wanda ya riƙe ta zai ja ta ta yi taku irin nasa. Sai Tunau ya juya wa dutsen baya, ya fuskance ta, yana tafiya da baya yana kiran sunanta don ta bi muryarsa ta miƙe. Ita kuwa tana ƙirge a fili. In ta tsaya hutawa sai ta nuna ciyawa da haɓa ta ce nan ne marinar Barmo, can ɗakin uwarta, nan kuma inda wani ɗan akuya ya taɓa tunkuyinta. Mazan suna biye. Sau biyu ta faɗi a kan gwiwa. Tunau ya ajiye bakansa daidai dugaduganta don kada ƙirgen ya ɓace, bai ɗaga ta ba sai da ta miƙo hannu.

Tun hantsi take tafe har rana ta karkata. Da ta ce zangu uku da goma, sai ta zauna a ƙasa. Ramukan Tunau suna can gaba, nisan harbin kibiya.

Ya mayar da ita inuwa, suka haƙa inda ta zauna. Ramin bai kai ƙirji ba dagi ya yi ƙara a kan dutse. Su goma suka haɗu suka ture shi, iska mai sanyi ta taso. A ƙarƙashinsa suka sami igiya ɗaure a jikin itace da guga a ƙarshenta, an ce igiyar kamar jiya aka tufka ta. Ruwa yana gaba tara.

A nan tsofaffin suka saɓa. Baba Nomau ya ce da Tunau ya kai mata ruwan farko ya tarar rai ya yi halinsa. Gwaggo Tarana ta ce sam, ta sha, ta yamutsa fuska ta ce na da ya fi daɗi, sannan ta cika. Sun yi shekara sittin suna wannan gardama. Amma sun yarda cewa Tunau da kansa ya binne ta a tsakanin kukar da rijiyar, sannan ya tafi tafki ya zo da mutanen, ba wanda ya rasu a cikinsu.

Garin da ya tashi a wurin shi ne Rijiyar Hakama. Kukar ta faɗi shekarun baya, an kewaye gurbinta da duwatsu. Har yanzu kowace bazara, ranar yasar rijiya, wanda ya fi kowa tsufa a zuriyar Tunau, mace ko namiji, shi ke ɗora gora a ka ya taka daga gurbin kukar zuwa bakin rijiyar yana ƙirge. Ba a riƙe masa hannu, ba a wuce shi, ba a zura guga sai ya iso. Saurayi yana cinye nisan a taku ɗari da casa'in. Na tsoho kuwa ƙaruwa yake kowace shekara, kuma mutanen gidan suna sauraro ko da sun yi kamar hankalinsu na wani wuri. Ƙirgen Baba Nomau na ƙarshe ɗari uku da shida ne. Gwaggo Tarana ta karɓa bayansa, ta taka shekara huɗu. A ta huɗun ta iso bakin rijiyar a ɗari uku da goma cif, daidai ƙirgen Hakama na ranar da ta cika. Ta sauke goran, ta yi dariya, ta ce a aika wa 'ya'yanta da ke aure a wasu garuruwa su zo kafin damina.