Hannun Irmiya da Zaren Tanimu

A wani ƙauye an yi wani mutum, mahauci, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa har gwiwoyinsa suka ce masa ya isa. Da ya tsufa sai ya riƙa tara yaran unguwa a bayan mahauta yana koya musu. Kun san ɗan dambe ba ya shiga fili da hannu haka nan. Sai an naɗe masa hannun dama da ƙyalle, a bi da zare a ɗaure tamau. To, tsohon nan ya haɗa yaran bibbiyu, kowa ya riƙa ɗaure wa ɗan'uwansa. Doka ɗaya ya kafa musu: in an gama ɗaure maka, ka dubi wanda ya ɗaure ka ce ka gode, sannan ka shiga fili.

A cikin yaran akwai Irmiya, wanda Allah ya ba ƙarfi, ya kuwa san an ba shi. Abokin ɗaurinsa Tanimu ne, sa'ansa, yaro marar yawan magana. Da fari Irmiya yana godiya kamar kowa. Amma da ya fara kā da manyan yara, 'yan kallo suna ta yabonsa, sai kai ya kumbura. Godiyar ta koma gyaɗa kai, daga baya gyaɗa kan ma ya zama aiki. Sai ya miƙa hannu yana kallon wani wuri, kamar mai miƙa wa bara takalmi.

Wata rana tsohon ya tuna masa doka. Irmiya ya yi dariya a gaban kowa, ya ce in da zare ne ke kā da mutum, da Tanimu ma ya taɓa kā da wani. Yara suka kwashe da dariya. Maganar ta yi wa Tanimu zafi ƙwarai, ya tafi gida idanunsa cike da hawaye.

Da kaka ta yi, 'yan ƙauyen gaba suka zo wasa. Fili ya cika, masu kalangu suka fara kiɗa. A wurin dambe kuwa, wanda aka kira bai fito ba, cewa ake yi ya tsere, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura. Irmiya ya miƙa hannu yadda ya saba, sai ya ji shiru. Ya waiwaya, ga Tanimu can zaune a gindin tsamiya. Tsohon ya ajiye masa ƙyalle da zare a ƙasa, ya ce, “Ɗana, ka ce hannunka kaɗai ke yi. Bismilla, ɗaure.”

Irmiya ya kama da hagu, ƙyalle ya zame. Ya sa haƙori ya ja zaren, ya warware. Ya danne da gwiwa, duk a banza. Ga abokin karawarsa ya shiga fili yana zagayawa, ga masu kiɗa suna kiran sunan Irmiya, mutane sun fara tambaya ko yaron ya gudu ne. Tsoro ya kama shi, gumi ya jiƙe masa riga. A ranar ya ga cewa ƙarfin nan nasa duka bai isa ya ƙulla zare ɗaya ba.

Sai ya kwashi kayan, ya ratsa ta gaban mutane zuwa gindin tsamiya, ya durƙusa.

“Tanimu, na yi maka laifi. Duk wanda na kā da, da hannunka a ciki. Na gode, ka yafe mini.”

Tanimu ya dube shi, ya ce, “Kawo hannun, suna jiranka.” Ya ɗaure masa da kyau, Irmiya ya shiga fili kafin kiɗa ya tsaya. Na san za ku tambaye ni wa ya yi nasara. Ni dai abin da na sani, da aka tashi su biyun tare suka koma gida, tsohon yana bayansu da murna a zuciyarsa.

Ga ma'anar misalin nan, yara. Ƙarfin Irmiya shi ne baiwar da Ubangiji ya ba kowannenku: wani ƙwaƙwalwa, wani murya, wani gudu. Ba ku saya ba, kyauta ce. Tanimu kuwa shi ne mutanen da Allah ya ajiye kusa da ku, masu yi muku abin da ba za ku iya yi wa kanku ba. Da yake kullum suna nan, su ne muka fi saurin mantawa da su. Godiya ba ta fitowa da kanta, koyonta ake yi kamar dambe, kullum kullum, har baki ya saba, zuciya ta bi. Wanda bai iya gode wa mutumin da ke gabansa ba, da wuya godiyarsa ga Allah ta wuce fatar baki.

Yau da safe wani ya ɗebo ruwan da kuka yi wanka, wata ta wanke rigar da ke jikinku. Irmiya sai da ya ga kunya ta zo kansa kafin ya durƙusa, amma ku ba sai kun jira haka ba. In an tashi daga wannan taron sujada, kowa ya nemi nasa Tanimun, ya dube shi, ya gaya masa tun yana kusa.